Glenda Jackson: 'Yar birkilar da ta bar dandamali ta shiga majalisa, ta dawo tana da shekara 80

A watan Oktoban 2016, a gidan wasan kwaikwayo na Old Vic da ke birnin Landan, wata dattijuwa mai shekara 80 ta hau dandamali ta fito a matsayin Sarki Lear, jarumin wani wasa na shahararren marubucin Ingila William Shakespeare, rawar da manyan jaruman Ingila maza suke ɗauka a matsayin ƙololuwar sana'arsu. Rabonta da dandamali a lokacin shekara 25 ke nan, kuma 23 daga cikinsu ta yi su ne a zauren majalisar dokokin Birtaniya tana wakiltar wata mazaɓa a arewacin Landan. Sunanta Glenda Jackson, kuma tun kafin ta shiga siyasa ta riga ta karɓi lambar yabo ta Oscar, babbar lambar finafinai ta Amurka, har sau biyu.

Duk wanda ya ji wannan labari a taƙaice, tambayar da za ta fara zuwa masa ita ce: me zai sa mace ta bar sana'ar da ta yi fice a cikinta a duniya, ta koma sauraron koken mutanen unguwa kan kuɗin haya da jinkirin jirgin ƙasa? Amsar ba ta cikin halinta kaɗai. Tana cikin yadda aka gina harkar wasan kwaikwayo a Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu, da irin tsanin da wannan tsari ya kafa wa 'ya'yan talakawa, da kuma abin da ya sami tsanin daga baya.

An haife ta ranar 9 ga Mayun 1936 a Birkenhead, garin da ke tsallaken kogin Mersey daga Liverpool, ta kuma girma a Hoylake da ke kusa da nan. Mahaifinta birkila ne, mahaifiyarta kuwa tana aikin shara da goge-goge da tsaron kanti, kuma ita ce babba cikin 'ya'ya mata huɗu. A Ingila ta wancan zamani, yarinyar da ta fito daga irin wannan gida ba a sa mata ran wuce aikin masana'anta ko na kanti. Hakan kuwa ta fara da shi, domin da ta bar makarantar sakandare tana da shekara 16, sai ta kama aiki a kantin sayar da magani na Boots, inda ta yi kimanin shekara biyu. Wasan kwaikwayo a lokacin abin sha'awa ne kawai da take yi da yamma tare da wata ƙungiyar matasa ta garinsu.

Abin da ya sauya mata hanya kuɗin gwamnati ne. A 1954 ta sami gurbi a RADA, fitacciyar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan, kuma tallafin karatu ne ya ba ta damar zuwa, domin iyayenta ba su da halin biya. Ba ita kaɗai ba ce. Dokar ilimi ta 1944 ta mayar da karatun sakandare kyauta a Ingila, ƙananan hukumomi kuma suka riƙa biya wa ɗaliban da suka cancanta kuɗin ƙaro karatu, shi ya sa a shekarun 1950 aka ga wani ayari na 'ya'yan ma'aikata daga arewacin ƙasar, irin su Albert Finney da Tom Courtenay, sun shigo sana'ar da a da ake ganin ta 'ya'yan masu hali ce. Wanda bai riƙe wannan ba, zai yi wuya ya fahimci siyasar da Glenda Jackson ta yi bayan shekara arba'in.

Bayan makaranta sai matakin da ya fi kowanne wahala. A wancan lokaci kusan kowane gari mai ɗan girma a Birtaniya yana da gidan wasa da ƙungiyar 'yan wasa na dindindin, kuma da yawansu suna sauya wasa duk mako. Ma'anar haka ita ce ɗan wasa yana gabatar da wasan wannan makon da dare, da rana yana bitar na mako mai zuwa, a tsakani kuma yana haddar kalamansa. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma babu makarantar da ta kai wannan koyar da mutum ya ɗaga murya ta kai kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba, ya kuma fito a matsayin budurwa yau, tsohuwa gobe. Glenda ta fara aiki a irin waɗannan gidaje a 1957, kuma a cikinsu ta haɗu da Roy Hodges wanda ta aura a 1958. Akwai lokacin da ta yi kusan shekara biyu ba ta sami aikin wasa ko ɗaya ba, ta koma hidimar abinci da aikin kanti. Masu ɗaukar 'yan wasa na ganin ba ta da irin fuskar da ake nema wa jarumar labarin soyayya, kuma muryarta ta yi kauri da kaifi fiye da yadda aka saba ji daga budurwa.

Wannan muryar ce Peter Brook ya ji ya ɗauke ta. Brook yana cikin manyan masu ba da umarni na kamfanin wasan kwaikwayo na Royal Shakespeare, wanda Peter Hall ya sake wa fasali a farkon shekarun 1960 da tallafin baitulmalin gwamnati, kuma a 1964 yana neman 'yan wasan da za su yi gwajin wani salo mai tsanani, wanda manufarsa ita ce a girgiza mai kallo maimakon a nishaɗantar da shi. Daga wannan gwaji aka kai ga wasan da ake taƙaita sunansa da Marat/Sade, na marubucin Jamus Peter Weiss. Labarin yana faruwa ne a wani gidan masu taɓin hankali a Faransa, inda majinyata suke kwaikwayon kisan da Charlotte Corday ta yi wa ɗan juyin juya hali Jean-Paul Marat a 1793. Glenda ta fito a matsayin majinyaciyar da aka ba rawar Corday, mace mai ciwon barci wadda sai an tashe ta kafin ta faɗi kalamanta, wato tana kwaikwayon mai kwaikwayo ne, hawa biyu a lokaci ɗaya. An kai wasan Niyok a 1965, aka mayar da shi fim a 1967. A tsakanin haka ta fito a matsayin Ophelia a wasan Shakespeare mai suna Hamlet wanda Peter Hall ya shirya, ta kuma shiga wani wasa na Brook mai sukar yaƙin Biyetnam. Tun daga nan ake iya ganin cewa dandamali da siyasa ba su taɓa zama gidaje biyu daban a wurinta ba.

Fim ya zo mata da sauri bayan doguwar jira. Ken Russell ya ba ta rawar Gudrun a Women in Love na 1969, wanda ya kawo mata Oscar ta farko, kuma a shekarar ce ta haifi ɗanta tilo, Dan Hodges, wanda daga baya ya zama marubucin sharhin siyasa a jaridun Birtaniya. Ba ta halarci bikin karɓar lambar ba, haka ma da ta ci ta biyu ba ta je ba, kuma ta miƙa wa mahaifiyarta lambobin ta ajiye. Wasu sun kira wannan girman kai. A ganina ya fi kama da halin wadda ta ɗauki wasan kwaikwayo a matsayin aiki irin na mahaifinta, wanda idan an gama gini sai a tattara kayan aiki a nufi wani.

Amma talabijin ce ta shigar da ita gidajen mutane, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya, domin mai karatun da ya san BBC ta hanyar labaran rediyo zai iya rasa gane girman abin da ya faru a 1971. A wannan shekara tashoshin talabijin uku ne kacal a duk Birtaniya: biyu na BBC, ɗaya na ITV. BBC ba ta dogara da talla, tana samun kuɗinta ne daga harajin lasisi da kowane gida mai akwatin talabijin yake biya, saboda haka tana iya kashe kuɗi a kan dogon wasan tarihi ba tare da fargabar masu talla ba, kuma idan ta nuna shi, babban kaso na al'ummar ƙasar ne yake kallo a dare ɗaya. A irin wannan yanayi aka nuna Elizabeth R, shiri mai kashi shida kan rayuwar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603. Glenda, tana da shekara 34, ta ɗauki sarauniyar tun tana gimbiyar da ke tsoron a fille mata kai har zuwa tsufanta, ta kuma yarda aka aske mata gashin gaban goshi domin ta dace da kamannin da ke cikin zanen sarauniyar na asali. Abin da ya bambanta wasan nata shi ne ba ta nemi mai kallo ya so Elizabeth ba. Ta nuna ta a matsayin mace mai lissafi da zafin rai, wadda ta san duk namijin da ke fadarta yana jiran ta yi kuskure. Shirin ya kawo mata lambobin yabo na talabijin na Emmy guda biyu a Amurka, kuma a shekarar ta sake fitowa a matsayin sarauniyar a wani fim tare da Vanessa Redgrave.

A wannan shekarar dai ta yi wani abu da ya yi kama da raha amma ya fi kowane shiri tasiri ga makomarta a fim. 'Yan barkwancin nan biyu, Eric Morecambe da Ernie Wise, waɗanda shirinsu na Kirsimeti ya riƙa jawo masu kallo sama da miliyan 20 a shekarun 1970, sun saba gayyatar manyan 'yan wasa su sa su faɗi kalaman shirme da fuskar gaske. Glenda ta zo ta fito a matsayin Kiliyofatara ta Masar, ba ta yi murmushi ba, jama'a kuwa suka yi ta dariya. Mai shirya fim ɗin nan Ba'amurke, Melvin Frank, ya ga shirin ya gane cewa matar da kowa ke ɗauka ta wasan baƙin ciki ce kaɗai ta iya ban dariya, ya ba ta babbar rawa a A Touch of Class na 1973 tare da George Segal. Shi ne ya kawo Oscar ta biyu. Wato dandamali ya horar da ita, talabijin ta nuna wa duniya abin da za ta iya, fim kuma ya biya. Wannan zirga-zirga tsakanin gidaje uku ita ce ta bambanta 'yan wasan Birtaniya na zamaninta da takwarorinsu na Amurka, domin Landan ta haɗa manyan gidajen wasa da ɗakunan BBC da wuraren ɗaukar fim a waje ɗaya, mutum yana iya yin duka ukun a shekara guda.

Shekarun da suka biyo baya ta ci gaba da aiki ba hutu: wasan Hedda Gabler a dandamali da fim a 1975, Kiliyofatara a ainihin wasan Shakespeare a ƙarƙashin Brook a 1978, finafinan barkwanci biyu da Walter Matthau. Aurenta ya mutu a 1976. An ba ta lambar girmamawa ta CBE a 1978.

Sai dai akwai wata matsala da ta sha faɗa a fili, wato ƙarancin rawar kirki ga mace da zarar ta wuce shekara arba'in. Jarumi namiji a gidan wasan Ingila yana da hanya shimfiɗaɗɗiya, ya fara da Hamlet yana saurayi, ya yi Macbeth a tsakiyar rayuwa, ya ƙare da Lear yana tsoho. Mace ba ta da irin wannan jeri, kuma wani ɓangare na dalilin tarihi ne: a zamanin Shakespeare ba a barin mata su hau dandamali, yara maza ne suke fitowa a matsayinsu, sai a 1660 aka fara ganin mata a gidajen wasan Landan. Marubucin da ya san yaro ne zai ɗauki rawar, ba zai cika rubuta wa dattijuwa dogon matsayi ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1980, Glenda tana da shekara hamsin da ɗoriya, kuma abin da ake miƙo mata bai kai ƙarfinta ba.

Wannan ya haɗu da fushin siyasa. Ta daɗe tana goyon bayan jam'iyyar Labour, kuma mulkin Margaret Thatcher daga 1979 zuwa 1990 ya zo da rage kashe kuɗin gwamnati, da sayar da kamfanoninta, da karya lagon ƙungiyoyin ƙwadago. Ga matar da tallafin hukuma ya fitar daga aikin kanti zuwa RADA, wannan ba muhawarar masana tattalin arziki ba ce, tsanin da ta hau ne take gani ana cirewa. Ta sha ambaton kalaman Thatcher na 1987, inda firaministar ta ce babu wani abu wai shi al'umma, a matsayin abin da ya fi harzuƙa ta. A zaɓen 1992 ta tsaya takara a mazaɓar Hampstead da Highgate, wadda ke hannun jam'iyyar Conservative, ta kayar da Oliver Letwin, duk da cewa jam'iyyarta ta sha kaye a ƙasa baki ɗaya. Daga ranar ta ajiye wasa gaba ɗaya, ba ta raba ƙafa ba.

Idan za a yi adalci, aikinta na majalisa bai kai na dandamali haske ba. Waɗanda suka yi tsammanin za ta riƙa girgiza zauren da jawabai sun ga wakiliya mai yawan shiru, wadda ta fi mayar da hankali ga sufuri da gidaje da matsalolin mazaɓarta, kamar mai gudun kada a ce ta zo yin wasa ne. Da Tony Blair na jam'iyyar Labour ya kafa gwamnati a 1997 ya naɗa ta ƙaramar ministar sufuri, ta riƙe muƙamin har 1999, lokacin da ta sauka domin neman tikitin jam'iyya na takarar magajin garin Landan. Ba ta samu ba, Frank Dobson aka ba, shi ma Ken Livingstone ya kayar da shi a 2000 a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Bayan haka ta zama ɗaya daga cikin masu sukar Blair daga cikin gida, musamman kan yaƙin Iraƙi na 2003. A zaɓen 2010, bayan an sake shata iyakar mazaɓar ta koma Hampstead da Kilburn, ta tsira da ratar ƙuri'a 42 kacal.

Sau ɗaya ne 'yar wasan ta fito sosai a zauren, kuma shi ne jawabin da aka fi tunawa da shi. A watan Afrilun 2013, kwana biyu bayan rasuwar Thatcher, majalisa ta yi zama na musamman domin yabon marigayiyar. Glenda ta miƙe ta yi akasin haka, ta bayyana makarantun da littattafansu suka yayyage da mutanen da suka koma kwana a bakin shaguna a Landan, ta ce a zamanin Thatcher an mayar da haɗama da son kai abin yabo, alhali ita an tarbiyyantar da ita a kan cewa aibi ne. 'Yan Conservative suka yi ta ihu, ita kuwa ba ta tsaya ba, horon gidajen wasan mako-mako ya yi aikinsa. Da wani ɗan majalisa ya kai ƙorafi, kakakin majalisar John Bercow ya yanke cewa ba ta saɓa wa ƙa'ida ba. Ko ya dace a faɗi irin wannan magana kafin a binne mamaci, wannan abu ne da Turawan Ingila kansu suka rabu a kai, kuma ba sai mutum ya kasance mai son Thatcher ba kafin ya ji nauyin lokacin da aka zaɓa.

Ta bar majalisa a 2015, Tulip Siddiq ta gaje ta. Ta fara komawa ta hanyar wasan rediyo a BBC, inda murya kaɗai ake buƙata, sannan Deborah Warner ta shirya Lear da ita a Old Vic. Labarin sarki ne tsoho da ya raba mulkinsa tsakanin 'ya'yansa mata uku gwargwadon yadda kowacce ta furta ƙaunarta gare shi, ya kori ƙaramar saboda ta ƙi yi masa daɗin baki, manyan biyun kuma suka juya masa baya har hankalinsa ya gushe a cikin hadari. Wasan ya haura awa uku, kuma jarumai maza da yawa da ba su kai shekarunta ba sun koka da nauyinsa. Ba a sauya sarkin ya zama sarauniya ba, ita ma ba ta yi ƙoƙarin kwaikwayon tafiya ko muryar namiji ba. Hujjarta ita ce idan mutum ya tsufa sosai, katangar da ke tsakanin mace da namiji takan fara zubewa, abin da ya rage shi ne tsoho mai iko da ke ganin ikon yana sulɓewa. Ta haka ta warware matsalar da ta kore ta daga sana'ar: tunda ba a rubuta wa dattijuwa rawar ba, sai ta ɗauki ta dattijon. Kuma akwai dalilin yarda cewa shekara 23 na kallon yadda shugabanni ke hawa da sauka a Westminster, inda majalisar take, sun ƙara mata abin da bitar wasa ba za ta bayar ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna dawowar ba ta ban kwana ba ce. A 2018 ta ci lambar Tony, babbar lambar yabo ta wasan dandamali a Amurka, a Niyok da wasan Edward Albee mai suna Three Tall Women, tana da shekara 82, abin da ya sa ta shiga sahun 'yan ƙalilan da suka haɗa Oscar da Emmy da Tony. A 2019 ta sake yin Lear a Niyok a wani shiri na daban, sannan ta koma talabijin bayan shekara 27 da Elizabeth Is Missing na BBC, inda ta fito a matsayin Maud, tsohuwa mai cutar mantuwa wadda ke neman ƙawarta da ta ɓace, tana rubuta wa kanta 'yan takardu domin kada abin da ta gano ya kuɓuce mata. Wannan ya kawo mata lambar yabo ta BAFTA ta Birtaniya a 2020. A hirarrakin da ta yi kan shirin, ta fi son a yi maganar yadda gwamnati ta bar iyalai da ɗawainiyar kula da tsofaffi, batun da ta sani tun daga ofishin mazaɓarta.

Aikinta na ƙarshe shi ne The Great Escaper, tare da Michael Caine, wanda suka taɓa yin fim tare a 1975. Labarin gaskiya ne na Bernard Jordan, tsohon sojan ruwa da ya sulale daga gidan kula da tsofaffi a 2014 ya tafi Normandi domin bikin cika shekara 70 da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Faransa a yaƙin duniya na biyu, ita kuma ta fito a matsayin matarsa da ya bari a gida. Ta gama ɗaukar fim ɗin, amma ta rasu a gidanta da ke Blackheath a kudancin Landan ranar 15 ga Yunin 2023 tana da shekara 87, wata huɗu kafin a fara nuna shi.